Kwalbar Ta Yi Baƙi

Wata daga cikinku ta rubuto min wai, "Anti Keziah, anya kin taɓa son Gabriel kuwa?" Da na karanta sai na yi dariya, daga baya kuma na ajiye wayar. Bari in ba ku labarin makon da danginsa suka zo gidanmu, kowa ya yanke nasa hukuncin. Sababbin shigowa ku matso kusa, ba sai kun koma baya ba.

Shekarar dubu biyu da takwas ce, tsakiyar bazara, Zuru ta ɗauki zafi har kwalta na kama takalmi. Ina da shekara ashirin da huɗu, na gama difloma, ina aiki da wani shiri na sa ido kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ba aikin ƙyale-ƙyale ba ne. Duk wata sai in hau kabu-kabu in zaga rijiyoyi da burtsatse, daga cikin gari har Ribah da Dirin Daji, wani lokacin har Bena. Ina da igiyar awo mai naɗi, da ɗan ƙarfe a bakinta. In na zura ta cikin rijiya ta taɓa ruwa sai ta yi ƙara, in duba inda ruwan ya tsaya, in gwada da na watan jiya. Ina kuma da wasu ƙananan kwalabe masu magani a ciki. Ka zuba ruwa, ka rufe, ka ajiye. In ruwan lafiyayye ne haka zai zauna garau. In najasa ta shige shi, kafin kwana biyu kwalbar ta koma baƙi ƙirin, ka buɗe ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Matan unguwa suka laƙaba min Likitar Rijiya. Gabriel ya yanke ya bar Likita kawai.

Shi kuwa Gabriel shi ke da kamfanin fiya wata da ake kira Sanyin Dutse, can ƙarshen gari a gindin tudu. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, in ya yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Ba gadon arziki ya yi ba. Ubansa ya rasu yana ƙarami, uwarsa Mama Alice ta rene shi da sayar da daddawa a Dirin Daji, shi kuma ya shigo Zuru yana tura kurar ruwa gida-gida. Har lokacin da nake ba ku labari tafin hannunsa kamar fatar ganga yake. Kada wata ta ce min don mota na so shi. Na san shi tun yana da keke.

A al'adarmu ta Lelna saurayi kan yi wa surukinsa noma na shekaru kafin a ba shi mata, shi ne golmo. Babana, Saje Kefas, tsohon soja ne da gonarsa ba ta fi ya gama ta shi kaɗai ba. Ranar da ya ga a-kori-kurar Gabriel ta sauke buhunan ruwa a ƙofar gida, sai ya gyara tabarau ya ce, "To, wannan yaro golmonsa ruwa ne." Tun daga nan ba mu ƙara sayen ruwan sha ba. Mamana, Saloma, ta kife randa ta ɗora tukunyar fure a kai.

Asabar ɗin makon nan ce aka sa danginsa za su zo a tsayar da ranar aure. Da yammar wannan Asabar ɗin kuma za a buɗe babban taron zumuntar mata a cocinmu, mata daga ƙauyuka da goyonsu, kwana za su yi. Mama ce shugaba. Gabriel ya yi alkawarin ruwan taron gaba ɗaya kyauta, Fasto ya faɗa a kan bagade, aka yi ta tafi. Ranar Mama da ƙyar ta iya cin abinci don daɗi.

Ku riƙe wannan a ranku, sai mu koma ranar Litinin.

Ranar na je awo unguwar da ke bayan kamfaninsa. Rijiyar unguwar tana ƙofar gidan wata dattijuwa mai sayar da fura, Inna Bilki, 'yar Argungu da aure ya kawo ta tun kafin a haife ni. Na tarar da mata sun yi layi da bokitai, babu mai hira. Na zura igiya. Ta tafi, ta tafi, ta wuce inda na saba jin ƙara, ta ci gaba da tafiya. Har na fara zaton batirin ne ya mutu, sannan ta yi ƙara can ƙasa kamar daga wata duniya. Ruwan ya sauka fiye da tsayin mutum biyu daga inda yake bara war haka.

Inna Bilki ta riƙe ƙugu. "Ɗiyar Saje, mi igiyar taki tac ce?"

"Inna, ya ɗan sauka. Kin san rani."

"Rani? Bana ne rani ya fara zuwa Zuru? Tun da saurayinki ya gina burtsatse ta biyu wagga rijiya ba ta ƙara cika ba. Sammako mukai mu kwashi laka. Shi ko injin nai dare da rana yana gurnani."

Wata daga bayan layi ta ce, "Ai ba za ta faɗa ba. Asabar za a sa mata rana."

Aka yi dariyar da ba ta daɗi ba. Na naɗe igiyata. Abin da ya fi ci min rai, na san gaskiyarsu ce. Makon da ya wuce na auna na Ribah da na Dirin Daji, duk sun sauka, amma sauka ta rani, kaɗan-kaɗan. Nan ne kaɗai ruwa ya gudu haka. Ƙasarmu dutse ce, ruwan yana maƙale ne a tsage-tsagen dutsen, ba kogi ba ne a ƙasa. In mai babban inji ya zuƙa, na mai guga yake zuƙewa.

Daga nan na wuce kamfanin. Na same shi a tsakar fili da singileti, yana taya ma'aikata loda buhuna. Yana ganina ya buɗe hannu.

"Likita! Wa ya taɓa min ke?"

Na gaya masa. Ya goge gumi ya yi dariya. "Ruwan sama ne bai yi kirki ba bara. Ni ne na riƙe hadari? Bari a yi ruwan fari ki ga yadda za su manta da sunana." Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya ja ni zuwa bakin famfon burtsatsen. "To, ɗebi nawa ki auna. Ki je ki gaya wa duniya babu ruwa irin na mijinki."

Shi da kansa ya buɗe famfon. Shi ya sa har yau nake cewa a ranar bai san abin zai kai haka ba. Na wanke hannu, na cika kwalba, na rufe, na jefa a jaka.

Da na isa gida na ɗora kwalbar saman wadirof, bayan akwatin da Mama ta fara tara min atamfofi. Tes ɗinsa ya shigo ina cire takalmi: "Likita ta, kin isa? Ki ci abinci. Saura kaɗan ki zama tawa." Na karanta na yi murmushi ni kaɗai kamar wawiya.

Safiyar Laraba na taka kujera zan ɗauko ɗankwali, idona ya faɗa kan kwalbar.

Baƙi. Ba duhu-duhu ba, baƙi ƙirin.

Na sauko na zauna a bakin gado. Na ce a raina hannuna ne, ban wanke da kyau ba, ko kwalbar ce ta lalace. Yana faruwa. Sai na ɗauko sababbi uku. Ɗaya na zuba mata ruwan leda daga buhun da ke falonmu. Ɗaya na bi ta kamfani da rana, lokacin da na san ya tafi kasuwa, na sake ɗiba a famfon. Ta ukun na tafasa ruwa na bar shi ya huce na zuba, don in san ko kwalaben ne ke min ƙarya. Na jera su saman wadirof.

A ranar ne yayata Leah ta zo da 'yarta Sandra, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Mijin Leah soja ne, yana can kudu, ita kuma gidanta yana bayan namu, ruwanmu take sha. Yarinyar ta yi laushi a kafaɗarta, ido ya faɗa.

"Tun jiya take gudawa," in ji Leah.

Mama ta taɓa goshinta. "Haƙori ne. Ku duka haka kuka yi min."

Na shiga kicin na ɗora babbar tukunya, na tafasa ruwa na cika jarka na miƙa wa Leah. "Wannan kaɗai za ki ba ta. Ki haɗa mata ruwan gishiri da sukari da shi. In ba ta tsaya ba ki kai ta asibiti."

"Ga ruwan Gabriel a gida kuma?"

"Ki dai yi yadda na ce, Yaya."

Mama ta bi ni da kallo. Daga ranar duk wanda ya nemi ruwa a gidan sai in yi wuf in miƙa masa na jarka, in ce na leda ya yi zafi.

Alhamis ban san yadda ta wuce ba. Tela ta kawo ɗinkina, leshi ruwan zuma da duwatsu a wuya, hannu mai faɗi. Na sa, ƙawayen Mama suka yi guɗa, ni kuwa hankalina na saman wadirof. Gabriel ya yi min filashin sau da yawa. Ban kira ba.

Juma'a da sassafe na taka kujera. Ta tafasasshen ruwa tana nan garau. Sauran biyun sun yi baƙi.

'Yan uwa, ban yi kuka ba. Na yi wanka, na sa siket da rigar aiki, na naɗe kwalaben a tsumma na tafi ofis. Shugabarmu Anti Fadima ce, injiniyar ruwa, mace marar son dogon zance. Na tsaya a bakin ƙofarta na ce ina da tambaya.

"Anti, burtsatse mai zurfi, ta yaya najasa za ta kai gare shi?"

Ta ɗago daga abin da take yi. "Ta sama. In mai haƙa ya yi ƙwauron siminti a wuyan ramin, ruwan saman ƙasa zai bi jikin bututu ya gangara. In akwai masai kusa, shi ke nan. Kuma yawan zuƙa yana ƙara ja. Ki ga rijiyoyin kewaye suna bushewa, ruwan nasa yana ƙazancewa, duk ciwo ɗaya ne." Ta cire tabarau. "Wane burtsatse ne?"

"Ina so in tabbatar tukuna."

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ta san wanda zan aura, an ma gayyace ta wajen sa ranar.

"Keziah, in na gida ɗaya ne, ki je ki gaya musu su tafasa. In wanda jama'a ke sha ne, ba naki ba ne ki riƙe. Wayata a kunne take."

Na fito na tari kabu-kabu zuwa kamfani.

Na same shi a ɗan ofishinsa, fanka na juyawa, sabon ɗinkinsa na gobe rataye a ƙusa cikin leda, farar shadda da aiki a ƙirji. Ta tagar da ke bayansa ina hango buhuna jibge har rufi. Ya taso da fara'a. Na kwance tsumman na jera kwalaben a kan tebur.

"Wannan famfonka ne. Wannan ledarka ce. Wannan ruwan da na tafasa."

Fara'ar ta tafi a hankali. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta wajen haske, ya ajiye. Ya je ya tura ƙofa.

"Wa ya gani?"

Ba "me ya faru" ya ce ba. Ba "ƙarya ne" ya ce ba. Wa ya gani. A nan gabana ya faɗi.

"Gabriel, akwai abin da ka sani?"

Ya zauna a gefen tebur yana murza hannu. Da ƙyar maganar ta fito. Akwai wata fitila a cikin injin da ruwa ke bi ta jikinta tana kashe ƙwayoyin cuta. Ta ƙone tun kafin Ista. Ya aika Anaca a kawo wata, mai kawowa yana ta yi masa gobe-jibi. Shi kuma ya ga ruwan burtsatse ne, daga cikin dutse, fari tas, me zai same shi?

"Burtsatsen na biyu, nawa ne tsakaninsa da masan ma'aikata?"

Ba sai ya faɗa ba, na gani da idona, in ka tsaya a ɗaya ka tofa yawu sai ya kusa kai ɗayan.

"Sandra na gudawa tun Talata," na ce.

"Yara na gudawa kullum, Keziah."

"Gobe mata za su cika coci da jarirai."

"Na sani!" Ya buga tebur, kwalaben suka yi tsalle. Sai kuma ya sassauta, ya kamo hannuna. "Likita, ki saurare ni. Mutum goma sha ne ke ci a nan. In maganar nan ta fita yau, kafin Lahadi babu mai ƙara taɓa ledata daga nan har Yawuri. Kura zan koma turawa. Ki ba ni zuwa Litinin. Fitila za ta iso, in toshe masan, in kira a zuba siminti. Har injin zan rage saboda su Inna Bilki, na yi miki alkawari."

"To ka janye ruwan cocin."

"In ce wa mamarki me? In ce wa Fasto me? Ranar da ake ba ni ke?"

"Ka ce inji ya lalace. Ka sayo na wani ka kai."

"A gan ni ina sauke ledar wani a ƙofar coci?" Ya saki hannuna. "Ke wai matata za ki zama ko 'yar sandan ofishinku?"

Na tattara kwalabena. Har na kai ƙofa ya ce, a hankali, "Zan san abin da zan yi. Ki yarda da ni."

Na yarda. Ko in ce na so in yarda, don ya fi sauƙi.

Da yamma gidanmu ya zama kamar gidan biki. An yanka akuya, ana suyar cincin, an jiƙa gero na kunun zaki. Na jira har matan da ke taya aiki suka fita, na sami Mama ita kaɗai a gaban murhu tana juya nama. Na durƙusa kusa da ita na gaya mata komai.

Ba ta daina juya naman ba. Da na gama ta juya harshe zuwa yarenmu na C'lela, abin da ba ta yi sai ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Kwalba ce za ta hana ki aure?"

"Mama, ban ce na fasa ba. Ruwan ne..."

"Shekara biyu muna sha. Wa ya mutu?"

"Da ba haka yake ba. Kwanan nan ne."

"Ni na tsaya gaban mata na ce surukina ya ɗauke mana ruwa. Ni. Matar Fasto ta rungume ni." Ta ajiye cokalin ta dube ni, sai na ga ba fushi ne kaɗai a idonta ba, har da tsoro. "Kin san babanki. In ya ji, ba zai tsaya tambaya ba, korarsu zai yi a gaban mutane. Yaron nan ya ce zai gyara, ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"To ki bari baƙi su zo su tafi lafiya. Bayan nan ni da kaina zan san yadda zan shigar wa babanki da maganar. Kada ki kunyata ni, Keziah. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Wayata ta yi ƙara a aljihu. "Na zuba magani a tanki. Komai ya yi daidai. Ki yi barci lafiya amaryata." Na nuna wa Mama. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Kin gani?"

Na buɗe lambar Anti Fadima na yi ta kallo har hasken wayar ya mutu. Ban kira ba.

Asabar ta waye da zafi tun da safe. Aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa, aka aro kujerun roba daga coci. Baba ya sa babbar rigarsa ruwan toka, ya goge takalmi da kansa kamar za shi fareti. Ni kuma aka zaunar da ni a ɗaki, aka ɗaura min gwaggwaro, aka sa min sarƙar Mama ta aurenta. Ina cikin shafa hoda Leah ta kira.

"Muna asibiti tun asuba. Ta fara amai. Sun sa mata ƙarin ruwa." Tana magana tana jan hanci. "Kada ki gaya wa Baba yanzu, kada in ɓata miki rana. Nas ta ce yara da yawa aka kawo makon nan."

Hodar ta suɓuce daga hannuna ta watse a kan leshin.

Ina kaɗe ta na ji tsayuwar motoci. Na ɗaga labule. Ga kawunnansa suna saukowa, ga Mama Alice, 'yar ƙaramar tsohuwa da zanen zumunta da sandarta. Ga Gabriel cikin farar shadda, kyakkyawa har ya ba ni haushi. A bayansu kuma, ƙarƙashin dogonyaro, a-kori-kurarsa ce cike maƙil da buhunan ruwa, tana jiran a tashi a wuce da ita coci. Ya sauke buhu biyu da hannunsa ya shigo da su tsakar gida.

Da suka shige falo na zagaya ta baya, na yage buhu ɗaya na zaro leda. Akwai kwanan wata da inji ke bugawa a gefe. Na Alhamis ne. Na fita da gudu-gudu har gindin dogonyaro, leshi da komai, na duba na cikin mota. Alhamis. Laraba. Alhamis. Ko da gaske ya zuba magani a tanki, waɗannan an ɗura su tun kafin nan. Su ne na gani jibge ta tagarsa.

"Keziah!" Muryar Mama. "Ana kiranki."

Falon ya cika. Fasto ya yi addu'a, aka gaisa da C'lela aka maimaita da Hausa. Na shiga na durƙusa, kaina a ƙasa. Babban kawunsa ya fara jawabi kan furen da suka gani a gidan nan. Aka yi dariya.

Mama ta ce in kawo wa baƙi abin sha. Na tashi na kawo kunun zakin da na tabbatar da tafasasshen ruwa aka dama shi, na bi kowa da jug na zuba. Da na zo kan Mama Alice sai ta rufe kofinta da hannu.

"A'a 'yata, zaƙi ba ya yi min. Ruwa nake so, hanya ta busar min da maƙoshi." Ta yi murmushi, bakinta saura haƙora kaɗan. "Kawo min na ɗana. Duk inda na je shi nake nema."

Kafin in motsa wata ƙanwar Baba ta miƙo tire cike da leda. Tsohuwar ta ɗauki ɗaya, ta goge ta da gefen zane, ta kai kusurwar bakinta.

Na dubi Gabriel. Yana zaune daura da ita, hannunsa na iya kai wa gare ta. Ya ga abin da na gani. Na ba shi lokaci, Allah ya sani na ba shi. Sai ya sauke ido kan takalminsa.

Ban san lokacin da na saki jug ɗin ba. Na dai ji hannuna a kan nata.

"Mama, kada ki sha."

Falon ya yi tsit, har ana jin kunu na ɗiga daga tebur zuwa ƙasa. Kawun ya tsaya da magana a baki. Na ji Mama ta ce "Yesu" can ƙasa-ƙasa a bayana.

Mama Alice ta dubi hannuna, ta dubi ledar, ta dubi fuskata. Ba ta fizge ba. A hankali ta juya wajen ɗanta.

"Gabriel," ta ce. "In sha, ko kada in sha?"

Gumi ya jiƙa wuyan farar shaddar. Sai ya zamo daga kujera ya durƙusa a gabanta, ya karɓe ledar daga hannunta.

"Kada ki sha, Mama."

Wata mata ta yi salati, wata ta kira sunan Ubangiji. Baba bai ɗaga murya ba, kuma duk wanda ya tashi a gidan soja ya san wannan ya fi tsawa muni. Ya tambayi Gabriel me ke cikin ruwan, Gabriel ya faɗa, kansa a ƙasa, fitila da masai da komai. Ya tambaye shi na cikin motar fa. Ya ce duk ɗaya ne.

Baba ya miƙa hannu. "Mabuɗi."

Gabriel ya zaro ya ba shi. Baba ya jefa a aljihun babbar riga, ya ce wa Fasto a aika coci a ɗora tukwane a tafasa ruwa kafin mata su iso. Sannan ya duba falon, kamar mai ƙidaya sojojinsa.

"Ina Leah? Me ya sa ba ta zo ba?"

Ni ce na ce, "Suna asibiti, Baba. An sa wa Sandra ƙarin ruwa."

Na ga maganar ta shige shi. Sandra ce ke hawa wuyansa tana ja masa gemu, ita kaɗai a duniya. Ya cire tabarau ya naɗe a hankali, ya juyo gare ni gaba ɗaya.

"Ke kuma, tun yaushe kika sani?"

"Laraba na fara gani."

"Laraba." Ya gyaɗa kai. "Yau Asabar. A gidan nan, ban da ke, wa ya sani ya yi shiru?"

Na buɗe baki. Sai na ji yatsun Mama sun damƙe min zane ta baya.